Rana ɗaya a Tasmaniya: daga jirgin ruwa zuwa tsohon ƙauyen Richmond da mafakar namun daji ta Bonorong

 

Yau tafiya za mu yi mai nisan gaske. Za mu gangara can ƙasan taswirar duniya, kudu da Ostareliya, zuwa wani tsibiri da ake kira Tasmaniya. Abin da zai kai mu kuwa shi ne irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa da kuke gani a TikTok da YouTube, masu hawa goma sha wani abu, da wurin ninkaya a samansu. Amma ba cikin jirgin za mu zauna ba. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne abin da ke faruwa idan jirgin ya tsaya a tasha, aka ce wa fasinjoji ga awa kaza, ku sauka ku ga gari ku dawo. Za mu ɗauki misali ɗaya na gaske, fitar da ake yi daga birnin Hobart zuwa wani tsohon ƙauye mai suna Richmond, daga nan a wuce mafakar namun daji ta Bonorong. Rabin yini ne kawai, amma abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin rabin yini.

To bari mu fara da shi kansa jirgin, don wanda bai san tsarin ba.

Shi jirgin shaƙatawa otal ne da ke tafiya a kan ruwa. Ka biya kuɗi sau ɗaya, a ciki akwai ɗakin kwananka da abincinka da mafi yawan wasannin da ake yi a ciki. Da daddare yana tafiya, da safe ka farka ka gan ka a wani gari daban. Manyan cikinsu suna ɗaukar dubban mutane. Akwai wanda ake kira Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000 ban da ma'aikata. Wato gari guda ne a kan teku.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawon da za ka yi idan an sauka tudu yawanci ba ya cikin kuɗin da ka biya. Wannan ciniki ne daban. Kuma hanya biyu ce. Ko dai ka saya a hannun kamfanin jirgin, su haɗa ka da bas da ɗan jagora, ko kuma ka nemi naka da kanka a hannun masu harkar yawon buɗe ido na garin. Na kamfanin jirgi ya fi tsada, domin kamfanin yana cire rabonsa kafin ya miƙa wa mutanen garin da za su yi ainihin aikin. To me ya sa mutane ke saye duk da tsadar? Saboda abu ɗaya: lokaci.

Jirgi yana da lokacin da ake cewa kowa ya kasance a ciki, yawanci minti 30 kafin ya tashi. Idan kana cikin bas ɗin da kamfanin jirgin ya shirya, aka samu cunkoso ko taya ta fashe, jirgi zai jira ku, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kuwa da kanka ka fita ka makara, wallahi tafiyarsa zai yi. Ba rashin imani ba ne, wurin tsayawa a tasha da kuɗi ake biyansa, ga matuƙin tasha da ke fitar da jirgi yana da lokacinsa, ga gari na gaba yana jira. Ku je YouTube ku ga bidiyon mutanen da ke sheƙa gudu a bakin tasha da jakunkunan sayayya, na sama suna musu ihu da tafi. Abin dariya ne idan ba kai ba ne. Idan kai ne, kuɗin jirgin sama da otal duk a aljihunka za su fito. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a ƙarshe.

Yanzu mu ɗauka mun iso. Tasmaniya jiha ce daga cikin jihohin Ostareliya, tsibiri ce da ruwan da ake kira Bass ya raba ta da babbar ƙasar, tazarar kusan kilomita 240. Girmanta ya kai murabba'in kilomita 68,000, wato ta kusa jihar Borno, amma mutanen cikinta duka-duka rabin miliyan ne da 'yan kai. Da yake a kudancin duniya take, lokutanta a juye suke. Watan Disamba da Janairu, lokacin da mu muke fama da hunturu, su lokacin zafinsu ke nan, kuma a tsakanin Oktoba da Afrilu ne jiragen shaƙatawa suka fi zuwa, akasari daga Sidni ko Melbon.

Babban birnin shi ne Hobart, an kafa shi a 1804, a bakin kogin Derwent, da wani dutse mai tsayin mita 1,271 a bayansa. Turawa suna kiransa Wellington, 'yan asalin ƙasar kuma kunanyi, yanzu sunayen biyu ake haɗawa a hukumance. Daɗin Hobart shi ne ruwan tashar yana da zurfi, jirgi yana tsayawa a tsakiyar gari, ka sauko ka taka da ƙafa.

Kafin ka sauko akwai gargaɗin da za a yi ta nanatawa a lasifika: kada ka fito da 'ya'yan itace ko kayan lambu ko ragowar abinci daga jirgi. Ko tuffa ɗaya ce ka ɗauko daga wurin karin kumallo, ajiye ta. Tasmaniya tana da tsauri sosai a kan wannan, har karnuka masu sansano kaya suke amfani da su, domin tsibiri ne da ya tsira daga wasu ƙwari da cututtukan amfanin gona da ke wasu wurare, kuma noma na cikin abin da suke ci da shi. Ƙwaro ɗaya a cikin lemo ɗaya yana iya jawo wa manoma asarar da ba za ta lissafu ba.

To an hau bas. Richmond tana arewa maso gabas da Hobart, kusan kilomita 25, tafiyar rabin awa. Hanyar tana bi ta kan gadar Tasman, kuma ba ɗan jagoran da zai wuce wurin bai ba da labarin daren 5 ga Janairu 1975 ba. A daren ne wani jirgin dakon ma'adinai mai suna Lake Illawarra ya daki ginshiƙan gadar, wani sashe ya rufto a kansa, jirgin ya nutse, motoci suka faɗa ruwa, mutum 12 suka rasu. Jirgin yana nan a ƙasan kogin har yau. Tun daga lokacin, idan babban jirgi zai wuce ta ƙarƙashin gadar sai an tsayar da motoci.

Kana shiga Richmond abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne kyau. Gine-ginen dutse masu ruwan zuma, shagunan alewa da na burodi, agwagi a bakin rafi, ciyawa kore shar. Akwai tsofaffin gine-gine sama da 50 da suka rage tun ƙarni na 19. Kowa zai zaro waya. Amma tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce, wa ya gina wannan wuri, kuma me ya sa bai canja ba?

Amsar ta farko: fursunoni. A wancan zamani gidajen yarin Ingila sun cika sun batse, talauci ya yi yawa a birane irin su Landan, doka kuma tana da zafi. Mutum ya saci tufafi ko tunkiya, sai a yanke masa shekara 7 ko 14 ko rai-da-rai, a sa shi a jirgi, tafiyar watanni, a kai shi ƙarshen duniya. Tsakanin 1803 da 1853 an kai fursunoni sama da 70,000 wannan tsibiri, maza da mata har da yara. A lokacin sunansa Ƙasar Van Diemen, sunan da wani matuƙin jirgi ɗan Holan, Abel Tasman, ya raɗa masa a 1642 don girmama ubangidansa. Sunan ya yi ƙaurin da jin sa kawai yana tayar da hankali, shi ya sa bayan an daina kai fursunoni aka canja shi zuwa Tasmaniya a 1856.

Gadar Richmond, wadda ita ce hoton da kowa ke ɗauka, su suka gina ta. An aza harsashinta a 1823, aka gama a 1825. Da hannu suka fasa dutsen, da amalanken hannu suka jawo shi zuwa bakin rafi. Tana da ƙofofin ruwa shida masu lanƙwasa kamar baka, kuma ita ce gada mafi tsufa da har yanzu ake amfani da ita a duk Ostareliya. Shekara 200 ke nan, motoci suna bi ta kai. Mutanen garin suna ba da labarin wani mai suna George Grover, fursuna ne da aka ɗora a kan 'yan'uwansa yana musu bulala, ya yi suna wajen mugunta, a 1832 aka wurgo shi daga kan gadar ya mutu. Har yau masu son labarin fatalwa suna cewa yana yawo a wurin. Wannan kam ku ɗauke shi a matsayin hira.

Daga gada sai gidan yari. An fara gina shi a 1825, kuma shi ne gidan yari mafi tsufa a Ostareliya da ya rage yadda yake. Ya girmi shahararren sansanin fursunoni na Port Arthur da shekara 5. A ciki akwai filin bulala, akwai ɗakunan kaɗaici, tsawon kowanne kusan mita 2, faɗinsa mita 1, ba taga, ba haske. Ana barin baƙi su shiga su ja ƙofa. Gwada minti ɗaya kawai. Sannan ka tuna akwai waɗanda aka rufe a ciki kwana da kwanaki a kan burodi da ruwa, har da mata. Cikin waɗanda suka zauna a gidan akwai Ikey Solomon, wani dillalin kayan sata daga Landan da mutane da yawa ke ganin shi ne marubuci Charles Dickens ya kalla ya ƙirƙiro Fagin a littafin Oliver Twist.

A kan tudu kuma akwai cocin St John, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1830, ita ce cocin Katolika mafi tsufa da ake ibada a cikinta a ƙasar.

To me ya sa garin ya tsaya cak kamar an danna masa birki? Hanya ce. Da can duk mai zuwa gabas ko Port Arthur daga Hobart dole ya bi ta Richmond, shi ya sa ta cika da masaukai da sojoji da 'yan kasuwa, ga alkama da ake nomawa a kwarin. A 1872 aka buɗe wata sabuwar hanya da ta ratsa ta kan ruwa zuwa garin Sorell, ta rage nisa. Matafiya suka daina biyowa. Da ciniki ya mutu, ba wanda ke da kuɗin rushe tsohon gini ya yi sabo. Garin ya yi kusan shekara 100 yana barci. Da aka zo zamanin yawon buɗe ido, sai ga shi abin da ya kashe kasuwar jiya shi ne jarin yau. Duk wanda ya taɓa ganin garin da sabon titi ya kauce masa ya san yadda abin yake.

Akwai kuma labarin da ba za ka gan shi a jikin gini ba, kuma idan ɗan jagora yana sauri yana iya tsallake shi. Kafin fursuna, kafin soja, akwai masu ƙasa. 'Yan asalin Tasmaniya sun zauna a tsibirin shekara sama da 30,000. Tun ana iya takowa da ƙafa daga babbar ƙasar suka zo, daga baya teku ya taso ya raba su da sauran duniya na dubban shekaru. Filayen nan masu kyau da Turawa suka gani suka zuba tumaki, wuraren farautarsu ne. Daga nan rikici ya tashi, wanda ya yi tsanani daga tsakiyar shekarun 1820 zuwa 1832, ana kiransa Baƙin Yaƙi. A 1830 gwamna George Arthur ya tara mutum kusan 2,200, sojoji da fararen hula da fursunoni, suka yi sahu suka ratsa yankin don su kora 'yan ƙasa zuwa wani lungu. Bayan makonni, mutum biyu kacal suka kama, wani dattijo da yaro. Amma kisa da cuta da ƙwace ƙasa sun riga sun yi ɓarna. Waɗanda suka rage aka lallashe su aka kwashe su zuwa tsibirin Flinders, inda akasarinsu suka mutu. A 1847 mutum 47 ne kawai aka dawo da su.

Wata mata daga cikinsu mai suna Truganini ta rasu a 1876. Ta roƙi kada a taɓa gawarta, amma aka tono ƙasusuwanta, daga baya aka baje su a gidan tarihi na Hobart mutane suna kallo har zuwa 1947. Sai a 1976, shekara 100 bayan rasuwarta, aka cika mata burinta, aka watsa tokarta a ruwan yankinsu. An daɗe ana koya wa yara a makaranta cewa ita ce ta ƙarshe, an ƙare. Wannan ba gaskiya ba ne. Jikokinsu suna nan da yawa, suna kiran kansu palawa, har sun farfaɗo da harshensu daga kalmomin da aka rubuta a da. Don haka idan ka tsaya ɗaukar hoto a gadar Richmond, ka san a ƙasar wa kake tsaye.

To mu sha ruwa, mu koma bas. Daga Richmond zuwa Bonorong, kusa da garin Brighton, tafiyar ba ta da nisa.

Da farko mu bambance. Gidan zu yana tara dabbobi ne don a zo a kalla. Mafaka kuwa aikinta karɓar dabbar da ta ji rauni ko marainiya, a yi mata magani, idan ta warke a mayar da ita daji. Waɗanda ba za su iya rayuwa a daji ba, kamar wadda ta makance ko ta rasa ƙafa, su ne ke zama dindindin. Bonorong ta fara ne a 1981, yau tana da layin waya da ake kira dare da rana idan an tsinci dabba a hanya, tana da masu aikin sa-kai a faɗin jihar, tana kuma da asibitin namun daji. Kuɗin ƙofar da baƙi ke biya, har da fasinjojin jirgi, yana cikin abin da ke riƙe wannan aiki.

Me ya sa ake buƙatar irin wannan wuri? Mota. Yawancin dabbobin Tasmaniya da dare suke fita, kuma ɗaruruwan dubbai ne motoci ke kashewa duk shekara a titunan jihar. Ga wani abu da ya sa lamarinsu ya bambanta: akasarinsu masu jaka ne a ciki. Uwa tana haihuwar ɗa ƙanƙani sosai, ya rarrafa ya shiga jakar, ya kama nono, a can zai ƙarasa girma. Sau da yawa mota ta kashe uwa amma ɗan yana raye a cikin jaka. Shi ya sa ake koya wa direbobi su rage gudu daga magariba zuwa asuba, idan kuma sun ga gawar dabba su tsaya su duba jakar. Da yawa daga cikin marayun da za ka gani a mafakar haka aka tsinto su.

Da ka shiga za a ba ka ɗan ƙunshin abinci, ka shiga filin kangaru. Suna yawo a sake, za su zo su ci a tafin hannunka. Ma'aikata za su ce maka kada ka shafa kansu, ƙirji suke so a sosa musu. Sai wombat, wata dabba gajeriya mai kauri kamar buhun gero mai ƙafafu, gwanar haƙa rami. Jakarta baya take kallo, don kada ƙasa ta cika wa ɗanta ido idan tana haƙa. Gindinta kuma tauri gare shi, idan abokin gaba ya biyo ta sai ta shige rami ta toshe ƙofar da shi. Kashinta kuwa, ku yi haƙuri masu cin abinci, mai kusurwa huɗu ne kamar dunƙulen magi. Da gaske nake. Masanan da suka binciko dalilin har kyautar Ig Nobel suka samu a 2019, kyautar da ake ba binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani.

Amma wanda kowa ya zo gani shi ne wanda Turawa suka sa wa suna shaiɗanin Tasmaniya. Waɗanda suka kalli katun na Looney Tunes sun san Taz, mai juyawa kamar guguwa. To na gasken ba ya juyawa. Girmansa kamar ƙaramin kare, baƙi, da farin zane a ƙirji, namiji yana kai kilo 8. Sunan ya samo asali ne daga kukansa. Turawan farko suna kwance da dare suka riƙa jin wani irin ihu daga daji mai tayar da tsigar jiki, suka ce wannan sai shaiɗan. A cikin dabbobi masu jaka da ke cin nama, shi ne mafi girma da ya rage a duniya. Muƙamuƙinsa yana da ƙarfin da yake cinye mushe har ƙashi da gashi, wato shi ne mai sharar daji. Wannan ma yana jawo masa mutuwa, domin yana hawa titi cin abin da mota ta kashe, wata motar ta zo ta same shi.

Haihuwarsu ma abin mamaki ce. Ciki na kwana 21 kacal, uwa ta haifi 'ya'ya 20 zuwa 30 ko fiye, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Nono kuwa huɗu ne a jakar. Huɗun da suka riga kamawa su ne za su rayu.

Yanzu ga babban abin da ya sa nake son ku ji wannan shiri. A 1996 wani mai ɗaukar hoto ɗan Holan ya ɗauki wasu daga cikinsu a arewa maso gabashin tsibirin da wasu manyan ƙuraje a fuska. Aka bincika aka ga sankara ce, wato kansa. Amma irin wadda ba a saba gani ba: tana yaɗuwa daga dabba zuwa dabba. Mun san kansa ba a ɗaukarta kamar mura. Ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu ke rikicewa, kuma idan mai ita ya mutu ta mutu tare da shi. A nan kuwa, a 2006 wata masaniya mai suna Anne-Maree Pearse da abokiyar aikinta suka nuna cewa ƙwayoyin kansar da ke jikin dabbobi daban-daban duk iri ɗaya ne, kuma ba na dabbar da ke ɗauke da su ba ne. Daga jikin wata mace guda ɗaya suka samo asali, ta mutu tuntuni, amma ƙwayoyinta suna ci gaba da rayuwa a fuskokin wasu.

Ta yaya? Cizo. Waɗannan dabbobi suna cizon juna a fuska wajen cin abinci da lokacin barbara. Ƙwayar kansar sai ta ɓalle ta shiga raunin ɗayan ta kama girma. A ƙa'ida garkuwar jiki ya kamata ta gane baƙo ta kashe shi. To ita wannan kansa tana ɓoye alamar da garkuwar jiki ke dubawa, ga shi kuma dabbobin jininsu ya yi kusa da juna sosai. Ƙurjin yana girma har ya hana cin abinci, cikin watanni dabbar ta mutu. A wuraren da cutar ta shiga, an rasa sama da kashi 80 cikin 100. A 2008 aka sa su a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A 2014 kuma aka gano wata kansar ta biyu, daban da ta farko, ita ma mai yaɗuwa. Kafin wani ya tambaya: a'a, ba ta kama mutum.

Abin da aka yi shi ne ware masu lafiya a mafaka da gidajen zu, a riƙa kiwonsu a matsayin ajiya. A 2012 aka kai wasu wani tsibiri mai suna Maria inda babu cutar. Sun yi yawa kuwa, amma sai suka far wa ƙananan tsuntsayen fengwin da ke sheƙa a wurin har suka ƙare a tsibirin. Kun ga gyaran wani ɓarnar wani. A 2020 kuma aka saki wasu a wani killataccen daji a jihar New South Wales, karo na farko da suka koma dajin babbar ƙasar bayan kusan shekara 3,000. Labari mai daɗi shi ne masu bincike sun fara ganin alamun wasu na daji suna samun juriya, har akwai waɗanda ƙurjin ya fito musu ya koma.

Me ya sa mutanen Tasmaniya suka ɗauki abin da zafi haka? Domin sun taɓa yin asara irin wannan, kuma da hannunsu. Akwai wata dabba da ake kira damisar Tasmaniya, mai kama da kare, da zane-zane a baya, ita ma mai jaka. Makiyaya suka ce tana cinye musu tumaki, gwamnati ta sa tukwicin fam 1 a kan kowace babba. Daga 1888 zuwa 1909 an biya tukwici sama da 2,000. Ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan zu na Hobart ranar 7 ga Satumba 1936, kwana 59 bayan an kafa dokar kare ta. Dokar ta zo, amma ba sauran wanda za ta kare. Abin da ya rage sai ɗan gajeren bidiyo baƙi da fari, tana kai da komo a keji. Ku neme shi ku kalla. Har yau Ostareliya tana ware 7 ga Satumba don tunawa da dabbobin da ke cikin haɗari.

To ita harkar jiragen fa, alheri ce ga irin waɗannan wurare ko akasin haka? Duka biyun akwai. Jirgi ɗaya yana sauke mutum dubu biyu ko uku a safiya ɗaya. Mai shagon burodi a Richmond zai yi ciniki, mafaka za ta samu kuɗin magani. Amma mutanen sun riga sun biya abinci da kwana a jirgi, don haka abin da suke kashewa a gari bai kai na wanda ya zo ya kwana uku ba. Ga cunkoso, bas biyar su tsaya lokaci ɗaya a ƙauye ƙarami. Sannan a 2020 an ga wani haɗarin: fasinjojin jirgin Ruby Princess da suka sauka a Sidni a watan Maris sun yaɗa korona, kuma ɓarkewar da aka samu a arewa maso yammacin Tasmaniya an danganta ta da su. Ostareliya ta hana jiragen shaƙatawa na waje shigowa har zuwa Afrilu 2022.

Idan Allah ya sa wata rana ɗayanku ya samu kansa a irin wannan tafiya, a Tasmaniya ne ko wani wuri, ga 'yan abubuwan da zan ce ya riƙe. Karanta tsarin fitar kafin ka biya, ka ga minti nawa za a ba ka a kowane wuri, domin wani lokaci zaman bas ya fi yawon yawa. Kwarin da Richmond take ya yi suna da gonakin inabi, wasu fitar suna haɗawa da ɗanɗana giya, don haka duba da kyau ka zaɓi wadda ta dace da kai. Saita agogonka da lokacin jirgi, kada ka dogara da wayar da ke canja lokaci da kanta. Riƙe katin jirginka da lambar wakilin jirgin na tashar. Idan da kanka ka fita, ka sa a ranka za ka dawo awa guda kafin lokaci. Ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito, yanayin Hobart ba shi da alƙawari. A wurin dabbobi kuma, abin da ma'aikata suka ba ka shi kaɗai za ka ba su, kuma kada ka zura hannu inda aka ce kada a zura. Wanda ke tauna ƙashi yatsa ba komai ba ne a wurinsa.

A nan za mu tsaya yau. Tambayata gare ku: da an ba ku awa biyar kacal a wannan wuri, ina za ku fi daɗewa, gidan yarin Richmond ko wurin dabbobi? Kuma wace dabba ce kuka sani a yankinku da iyayenku ke ba da labarinta amma ku ba ku taɓa gani ba? Ku faɗa mana, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda ya ji daɗi ya tura wa abokinsa.